Da Iska Ta Ɗauke

Wanda ya saba ganin hoton jirgin ruwa da farin ƙyallensa a miƙe, iska ta cika shi fam, ba lalle ya kawo a ransa cewa akwai inji a rataye a bayansa ba. To, akwai. A gaɓar kudancin Ingila, inda neman ilimi ya kai ni, neman abinci kuma ya zaunar da ni, da wuya ka ga ƙaramin jirgi mai ƙyalle, irin mai tsawon mita 6 ko 7, wanda ba a maƙala masa ɗan inji a gindi ba. Dalilin ba shi da nisa. Jirgin da iska ke turawa ba ya iya tunkarar ta gaba da gaba. Sai dai ya yi ta karkata, ya yi dama ya yi hagu, yana cin ƙasa da kaɗan-kaɗan, kuma wannan na son fili. Tashoshin da ake ɗaure jiragen kuwa a cushe suke, jirgi na gogar jirgi, ga mashigi siriri, ga taɓo ta ko'ina in ruwa ya janye. Saboda haka sai a tayar da inji a fita, in an kai sarari a kashe shi a ja ƙyalle sama. Da yamma a sake tayar da shi a shigo. Aikinsa ke nan a ƙa'ida: minti goma da safe, minti goma da yamma, sai kuma ranar da iska ta ɗauke ɗif ta bar mutum a tsakiyar ruwa.

Wannan ɗan injin ne ya canza a kan idona, ya kuma canza halin masu jiragen tare da shi.

Na fara shiga irin waɗannan jirage ne ta hannun wani dattijo abokin aikina da ke neman mai kama masa igiya a ranakun Asabar. Injin da ke bayan jirginsa British Seagull ne. An fara ƙera irinsa a 1931, daga baya masana'antar ta yi zamanta a garin Poole, nan kusa da mu, har 1996 da aka daina. Komai nasa a fili yake: tankin mai a sama, fulogi guda, kafireto a gefe, da wani faifai a ƙoli wanda za ka naɗa wa igiya da hannunka ka fizga. Ba shi da giyar baya. Wasu ma ko firi ba su da shi, yana tashi jirgi zai zabura. Ana gauraya masa fetur da baƙin mai, a tsofaffin ma kashi ɗaya na baƙin mai ga kashi goma na fetur. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan ƙaramin janareton nan na shago mai shan gaurayen mai, yana jan igiya yana haɗa gumi, ya kwance fulogi ya goge ya mayar, ya san halin wannan inji ba sai an ba shi labari ba. Sai dai shi wannan a durƙushe kake jan igiyarsa a bakin jirgi, jirgin na tangaɗi, ruwa kuma na jan ku zuwa jikin jirgin wani.

Dattijon nan yana son injinsa so na gaskiya. Kayan gyaransa duka a cikin wani tsohon gwangwanin biskit suke: sufana biyu, sukudireba, fulogin ajiya, da tsumma. In injin ya yi gardama, sai ya sa yatsa ya danna wani ɗan maɓalli a kan kafireto har fetur ya tsattsafo, ya naɗa igiya, ya gyara tsayuwa, ya ja. Yana kamawa shuɗin hayaƙi zai turnuƙe, hira ta ƙare, sai ihu da nuni da hannu. In ka waiwaya, sai ka ga maiƙo ya shimfiɗu a bayanmu yana walƙiya launi-launi a kan ruwa.

Wannan maiƙon shi ya kawo ƙarshen zamaninsu. Injunan da, masu gaurayen mai, suna zubar da wajen rubu'in man da suka sha a cikin ruwa ba tare da ya ƙone ba, wani lokaci har fiye. A tafkin Tahoe na Amurka an hana su tun 1999. A Tarayyar Turai, dokar hayaƙin da ta hau kansu a 2007 ta sa sababbinsu suka ɓace daga shagunan masu jiragen shaƙatawa. Wanda ya gaje su, injin da baƙin mansa ke zaune a mazauninsa daban, ya fi tsabta kuma ƙararsa da sauƙi, amma ya fi nauyi, ga sharaɗi: in ka kwantar da shi a but ɗin mota ta gefen da bai dace ba, baƙin mai zai malale cikin silinda. Sai kuma ga fetur mai gaurayen itanol har kashi 10, wanda ya zama na yau da kullum a Birtaniya a watan Satumban 2021. Itanol na zuƙar laima. Injin da ke aiki minti ashirin a mako, ya kuma share watannin hunturu a ajiye, sai man ya lalace a cikinsa, kafireto ya toshe. Babban ciwon injin fetur a bayan jirgin ƙyalle shi ne zama. Ba a ƙera shi don ya yi ta jira ba, aikin da aka ɗauke shi kuwa kusan duka jira ne.

Mutane da yawa suna yi wa injin lantarki kallon baƙo, alhali shi ne wa. A watan Mayun 1881, a birnin Faris, Gustave Trouvé ya ɗora wani ɗan injin lantarki da ake iya cirewa a bayan kwale-kwale mai mita 5, ya gwada shi a kogin Seine, kuma shi ake lissafawa a matsayin injin rataye na farko. Kafin 1890 akwai jiragen haya masu batir a kogin Thames, har da wuraren caji a bakin kogi. A tafkin Königssee na Jamus, jiragen fasinja na lantarki sun fara aiki a 1909, kuma har yau da lantarkin suke tafiya. A wannan shekarar dai Ole Evinrude, ɗan asalin Norwe da ke zaune a Milwaukee, ya fara sayar da injinsa na fetur, daga nan labari ya sha bamban. Fetur ya yi rinjaye ne da hujjar da ba a musu: kilo ɗaya nasa na ɗauke da ƙarfin da ya ninka na kilo ɗaya na batirin dalma sau ɗaruruwa. Lantarki ya koma lungu. Masu kamun kifi da ƙugiya a Amurka ne suka riƙe shi, tun 1934 da aka fara ƙera injin Minn Kota a garin Fargo, don su lallaɓa su isa kan kifi ba su firgita shi ba. Na ga masu jirgin ƙyalle da suka jarraba irinsa, da ƙaton batirin dalma a ƙarƙashin benci wanda sai da nishi ake ɗaga shi, ba su daɗe ba suka koma wa fetur.

Batirin litiyom ne ya sake buɗe ƙofa. Sony ya fito da shi kasuwa a 1991, kuma tsakanin 2010 da 2023 farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. A tafkin Starnberg, kudu da birnin Munich, hukuma ta daɗe da ƙuntata lasisin jiragen fetur, har mutum ya yi shekaru yana jiran layi. Wannan ƙuncin ne ya tura Christoph Ballin da Friedrich Böbel suka kafa Torqeedo a 2005. A 2012 kuma wasu matasan injiniyoyi daga jami'ar kimiyya da fasaha ta Hong Kong suka kafa ePropulsion. Sunayen nan biyu su aka fi gani yau a gindin ƙananan jirage a wajenmu. Evinrude kuwa an daina ƙera shi a watan Mayun 2020, ko da yake ba lantarki ne ya kai shi ƙasa ba.

Jirgin da nake shiga yanzu na haɗin gwiwa ne da wasu abokai. Tsawonsa ya ɗan haura mita 6, nauyinsa wajen tan ɗaya. Injin da ke bayansa mai kilowat 1 ne, wanda masu sayarwa ke gwada shi da na fetur mai ƙarfin doki 3. Gaba ɗayansa bai kai kilo 20 ba, kuma yana rabuwa gida biyu. Batirin, mai kilo tara ba kaɗan, ciro shi ake yi a riƙo a hannu a kai gida, a sa a caji ya kwana. Da safe a zura shi a mazauninsa har ya ce ƙas, a murɗa bakin waya, a ɗora ɗan makulli mai maganaɗisu wanda igiyarsa ke ɗaure a wuyan hannun matuƙi, don in ya faɗa ruwa injin ya mutu nan take. Shi ke nan. Ka murɗa hannun tuƙi gefe guda, jirgi ya sulale gaba, ka murɗa ɗaya gefen, ya dawo da baya. Farfelarsa babba ce, kuma tana yarda ta yi ta juyi sannu-sannu yadda injin fetur ba zai taɓa yarda ba, don shi in ka rage masa wuta haka mutuwa zai yi. Wajen shigar da jirgi mazauninsa a tasha, inda taku ɗaya ke raba ka da biyan kuɗin fentin wani, wannan sannu-sannun ta fi kowane ƙarfi amfani.

Kowa da shirun yake fara ba da labari, kuma da gaskiyarsa. Kana jin ruwa na lasar cikin jirgi. Tsuntsayen da ke kiwo a taɓo, waɗanda a da tun daga nesa suke tashi, yanzu ko kai ba sa ɗagowa. Na gaba ya ce wa na baya "akwai igiya a ruwa" da muryar hira. Na ga mata da yara da a da ba sa kusantar inji, saboda jan igiyar na son ƙarfin kafaɗa, yanzu su ke fitar da jirgi. Shi kansa dattijon nawa, da kafaɗa ta fara ba shi wahala, ya jingine Seagull ɗinsa a gareji ya sayi na lantarki, ba don ransa ya so ba, kuma hakan ya ƙara masa shekaru a kan ruwa da ba don haka ba da a tudu zai yi su.

Amma a ganina babban canjin yana kan wani ɗan allo ne da ke jikin hannun tuƙi, wanda bai fi akwatin ashana girma ba. Yana nuna maka wutar da kake sha a yanzu, da abin da ya rage a batir, da tsawon lokacin da zai kai ka in ka ci gaba a haka. Batirinmu yana riƙe da wutar da za ta ba da wat 1,276 na awa guda. In ka buɗe wuta duka, awa ɗaya da kwata ya ƙare. In aka auna da aikin da ke isa ga farfela, cikakken batirin nan bai kai lita ɗaya ta fetur ba. Mutumin da ya saba da jarkar lita goma a ƙarƙashin benci, wadda yake ɗurawa a tanki cikin minti biyu, ya wayi gari da abin da bai kai kwalba guda ba, kuma in ya ƙare sai gobe.

A nan ne ruwa ke nuna ɗabi'arsa. Jirgi irin namu tura ruwa yake yi, yana tayar da igiyar ruwa a gabansa da bayansa, kuma tsawonsa ya riga ya yanke masa iyakar gudu: wajen kilomita 11 a awa ga mai mita 6, ƙarin ƙarfin inji bayan nan asara ce. Wutar da ake buƙata kuma hawa take yi ninki-ba-ninki. In kana son ninka gudu sau biyu, sai ka ninka wuta wajen sau takwas. To, juya lissafin. A ruwa kwance, wat 1,000 na ba mu wajen kilomita 8 a awa, batir ya mutu bayan kilomita 10. In muka sauko rubu'i, wat 250, gudun bai sauka ƙasa da kilomita 5 ba, amma batir zai kai awa biyar, tafiyar kilomita 25 ke nan. Wannan ƙa'ida tana nan tun zamanin fetur, ba wanda ya damu da ita don ba wanda ke ganin ta. Yanzu a rubuce take a gaban idonka. Ka ɗan murɗa hannu, awa biyar ta koma biyu kana kallo.

Fetur ya koya wa masu jirgin ƙyalle wani hali da ba su san ya shige su ba. Iska ta ɗan yi sanyi, gudu ya ragu, sai a dubi agogo, a sauke ƙyalle, a ja igiya. Iska ta juyo ta gaba, a ja igiya. Na sha ganin yammacin Lahadi, jirage a jere suna komawa gida, jigon ƙyalle tsirara, inji na ruri, alhali akwai iskar da za ta kai su in da sun ba ta ƙarin awa ɗaya. Wanda aka ɗauko ɗan rakiya ya zama shi ne mai tafiyar.

Tsakanin tsibirin Wight da gaɓar Ingila akwai mashigin ruwan da ake kira Solent. Teku a nan cikowa yake yana janyewa, ruwa ya yi wajen awa shida yana gudu gabas, ya juya ya yi kamar haka yana yamma. A bakinsa na yamma, wajen Hurst, inda ya tsuke, a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa gudun ruwan kan wuce kilomita 7 a awa. Injinmu da dukan ƙarfinsa 8 yake yi. Wato in ka tunkari ruwan a lokacin da bai dace ba, za ka ƙone batirinka kaf kana kallon hasumiya guda ba ta gusa ba. Mai injin doki 6 da jarka kan iya taurin kai ya kutsa. Mu ba mu da wannan dama. Saboda haka ɗan littafin jadawalin ruwa, wanda ya daɗe yana shan laima a aljihun jirgi, ya dawo kan tebur tun daren Juma'a. Ƙarfe nawa ruwa zai juya? In mun fita da asuba zai ɗauke mu, in mun makara sai bayan azahar. In iska ta saɓa, a wane lungu za mu jefa anga mu jira? Samarin da suka fara tuƙi a zamanin inji, na ga suna zuwa wurin tsofaffi suna tambayar inda ruwa ke komawa baya a gefen gaɓa, da inda iskar teku ke fara tasowa da rana tsaka. Shekaru ashirin da suka wuce ba mai tambayar wannan sai masu gasar tsere.

Wata yamma a ƙarshen bazara iska ta mutu mana da sauran tafiya, batir bai kai rabi ba, ruwa kuma na gaba da mu, saura wajen awa ɗaya ya juya. A zamanin fetur ko shawara ba za a yi ba. Mu kuwa muka raɓa wani lungu muka jefa anga, aka ɗora shayi, na yi la'asar a zaune a kan benci. Da jirgi ya juya hancinsa da kansa a kan igiyar anga, muka san ruwa ya juya. Muka ɗaga, muka bar ƙyalle a sama ya tsinci ɗan abin da ke motsi, muka ba inji wat ɗari biyu. Iskar da ba ta isa ta motsa jirgi ita kaɗai ba, in inji ya ɗan tura, sai tafiyar ta ƙara mata kaifi a kan ƙyalle, ƙyallen ya cika, ya karɓi wani kaso na aikin. Kana gani a allo: gudu ya ƙaru, wutar da ake sha ba ta ƙaru ba. Da injin fetur ma ana iya wannan haɗin, amma ƙara da girgiza ba za su bar ka ka ji iskar a kumatunka ba, balle ka gyara mata ƙyalle. Mun shiga tasha bayan magariba da sauran caji.

Wannan ilimi ba sabo ba ne. Joshua Slocum ya kewaye duniya shi kaɗai tsakanin 1895 da 1898 ba inji. Lin da Larry Pardey, mata da miji, sun kewaye ta a ƙananan jiragen katako da ba su wuce mita 9 ba, su ma ba inji, a zamanin da kowa ke da shi. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, da suka isa Sawakin, da yawansu a jiragen ƙyalle suka haye Bahar Maliya zuwa Jidda, kuma matuƙan da suka ɗauke su jiran iska suke yi. Abin da injin lantarki ya yi wa mai ƙaramin jirgi shi ne, ya ba shi ƙarfin da zai fita ya shiga lafiya, bai ba shi wanda zai sa ya raina iska da ruwa ba. Ni a wurina ma'aunin ya yi daidai. Masu ƙerawa suna ta alkawarin batir mai ninkin wannan, ina kuma yi musu fatan nasara don akwai masu buƙata, amma ina jin tsoron ranar da zai ishi mutum ya sake mayar da jadawalin ruwa aljihu.

Akwai masu cewa wannan maganar mai ƙoshi ce, kuma ba na raina hujjarsu. Inji a jirgin ruwa kayan ceto ne. Ranar da iska ta taso da ƙarfi tana tura ka kan duwatsu, ko wayar da ke riƙe da jigo ta tsinke, ko wani ya ji ciwo dole a kai shi tudu yanzu-yanzu, ƙarfi kake nema, kuma na awoyi. Kilowat ɗaya a gaban iska mai ƙarfi da raƙuman ruwa da kyar yake riƙe jirgin tan ɗaya a inda yake, bayan jirgi na ɗagawa, farfela na fitowa tana juyi a banza. Mai jirgin da ya haura tan ɗaya da rabi, ko mai ƙetarawa Faransa, ko wanda dole ya kasance a wurin aiki Litinin da safe ko ana ha-maza-ha-mata, in ya ce zai zauna da fetur ɗinsa ba ni da ta cewa. Mu kanmu akwai ranakun da a da za mu fita, yanzu muke haƙura. Batir na biyu na rage fargaba. Farantin sola ma haka, ko da yake ranar Ingila ba ta cika batir a wuni guda da faranti ɗaya mai wat 100. Wasu sababbin injunan suna yin caji in iska na tura jirgi ruwa na juya farfela, amma a gudun ƙaramin jirgi abin da ake samu tsiyaye ne.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gyara. Seagull, mai shi zai warware shi ɗai-ɗai a kan tebur ya mayar, kuma waɗanda aka ƙera shekara sittin da suka wuce har yau suna tashi. Na lantarki a rufe yake ruf. Gaskiya ba ya neman komai: ba baƙin mai, ba fulogi, ba kafireto, ya kwana hunturu ya tashi lafiya lau. A dai wanke masa gishiri da ruwan daɗi, a shafa wa bakin wayarsa man kariya, kar kuma a ajiye batir fanko. Amma ranar da ya ƙi, ya ƙi ke nan. Wani maƙwabcinmu a tasha, nasa ya nuna masa wata lamba a allo ya yi tsit a tsakiyar bazara. Ba inda sufana za ta kama. Aka sa shi a kwali aka aika wa dillali, dillali ya zauna jiran kaya daga ƙasar waje, har kwanakin rana suka ƙare jirginsa na ɗaure. Wani ilimi da ke hannun talakawan masu jirgi, wanda uba ke koya wa ɗa a gareji, ya tashi ya koma hannun kamfani, kuma ban ga alamar zai dawo ba.

Ga kuma kuɗi. Injin lantarki ya ninka ɗan'uwansa na fetur sau biyu zuwa uku. Batirin kaɗai ya kai kuɗin sabon ƙaramin injin fetur, kuma tsufa yake yi ko ana aiki da shi ko ba a yi. Ana cewa za ka fanshe a kuɗin mai. Ga mai haya da ke fita kullum, haka ne. Ga wanda bai ƙona lita ashirin a shekara ba, ba zai fanshe ba. Kada a ɗauka duk mai jirgin ƙyalle a Ingila attajiri ne. Da yawansu tsofaffin ma'aikata ne, direbobi da malaman makaranta da masu aikin hannu, masu tsohon jirgin da kuɗinsa bai kai na injin lantarkin ba. In aka wayi gari an hana fetur a tashoshi, su za su fara rabuwa da ruwa.

Tsabtar ma tana da wani gefe da ba a gani daga Poole. Wajen kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya, wanda ke shiga batura da yawa, daga Kwango ake haƙo shi. Litiyom kuwa ya zo har gida. An buɗe masana'antar sarrafa shi a jihar Nasarawa a watan Mayun 2024, kuma kafin shekarar ta ƙare 'yan jarida suka nuna ƙananan yara suna tsintar dutse a ramukan haƙa na bayan fage a jihar. Na kan tuna da su in na ɗauko batirin nan. Hakan bai sa na koma wa fetur ba, wanda muka ga irin ɓarnarsa a Neja Delta, amma ya hana ni alfahari da shirun jirginmu.

Da na je gida Yawuri, na nuna wa kawuna bidiyon injin a waya. Shi rayuwarsa duka a kan kogin Kwara ya yi ta, yana ƙetarar da mutane da buhuna a kwale-kwale. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haye 1,000 a shekarar da ta biyo, kuɗin mai ya zama rabin hirarsa. Ya kalla, ya ce in maimaita masa.

"Ɗana, buhu nawa yake ja?"

Na ce, "Kawu, wannan ba na kaya ba ne."

"To in ya lalace, wa ke gyarawa a nan?"

Na ce masa babu tukuna. Ya miƙo mini wayata ya ce, "To ku da iska ke yi wa aiki, ku riƙe abinku."

Gaskiyarsa. Shi ba shi da ƙyalle, injinsa mai doki 40 shi ne ƙafarsa, fasinja kuma ba zai zauna jiran ruwa ya juya ba. Amma akwai inda aka fara amsa tambayarsa ta biyu. A garin Mbita, a gaɓar tafkin Victoria ta ɓangaren Kenya, kamfanin Asobo ya fara ba masunta hayar injin lantarki. Masunci ba saye yake yi ba. Kamfani ke cajin batir da rana, shi ke gyara, masunci ya karɓa da yamma ya fita kamun ƙananan kifin dare, ya dawo da shi da safe. Irin wannan fita ba ta son gudu, ta faɗo daidai inda lissafin rubu'in wutar nan ke aiki. A 2024 kuma Yamaha ya sayi Torqeedo, Yamahan nan da kowane bakaniken bakin ruwa a Yawuri da Baga ya san cikin injinsa. In kayan gyara da horar da masu gyara suka biyo hanyar da injin fetur ɗinsa ya bi ya iso mu, masuntan tafkin Kainji da ke fita duba raga, waɗanda ba buhu suke ɗauka ba kuma ranar da ke kansu ta ninka ta Ingila, za su riga masu jigila cin moriya. Kawu dai ya ce in na ji an kawo mai jan buhu hamsin, in buga masa waya.